Kofin Hukuncin Yaya Darakta

Ba wanda ya naɗa yayana darakta. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya buga kati mai ɗauke da sunan wani kamfani da har yau ba a ga ƙofarsa ba. Tun daga nan duk gidan hayarmu, sama da ƙasa, Darakta ake ce masa. Ya yi kiwon zomaye a bayan banɗaki, suka cinye soson wankan Mama suka gudu. Ya sayar da turare, masu saye suka dawo suna atishawa. Wannan karon kuma lemon 'ya'yan itace ya sa a gaba.

Akwai shago guda a bakin ƙofar gidanmu, wanda mai gyaran agogo ya tashi ya bari. Mutum biyu suka sa masa ido: Yaya, da kuma Tela, wani bawan Allah marar hayaniya da ke ɗinki a ƙarƙashin matakala, kullum ya miƙe sai siminti ya gaisa da ƙeyarsa. Mai gidan, Hajiya, ta ce za ta yi tunani. Doguwa ce, tabarau a ƙarshen hanci, makullai a jaka, murya kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan daɓe. Abin da ta fi ƙauna a duniya shi ne farin tayil ɗin da ta shimfiɗa a tsakar gida. Ta taɓa sallamar ɗan haya don ya tofar da ƙwallon dabino a kansa.

Wata safiya Yaya ya ƙwala mini kira daga kicin.

"Auta! Zo ki ga yadda ake cin shago da ƙwaƙwalwa."

Na same shi ya ɗaura tawul a ƙugu, ya jera kaya a kan tebur kamar mai shirin tiyata. Daga ƙirji Yaya yake magana, kuma ba ya iya jimla uku bai ce "kin gane ko" ba.

"Yau da yamma zan yi wa 'yan gidan nan liyafa. Hajiya ce babbar baƙuwa, kin gane ko? Za a yi wasan filo. Kiɗa na tashi, filo na zagayawa hannu zuwa hannu. Inda kiɗa ya tsaya, mai filo ya sha kofin hukunci."

"Me ke cikin kofin hukuncin?"

"Abin da ko maƙiyinki ya sha sai kin tausaya masa. Sauran jama'a kuwa lemona mai daɗi za su sha. Hajiya ta ɗanɗana ta san akwai gwani a gidanta. Tela kuma ya kurɓi hukunci ya fesar a kan tayil, a gaban idonta. Shi ke nan, shago ya zama nawa, kin gane ko?"

"To idan filon bai tsaya a hannun Tela ba fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

"Ke ce mai kiɗa. Da kin ga na sosa kunne, ki tsayar. Ba tambaya, ba tunani. Kunne, tsayawa. Maimaita."

"Kunne, tsayawa."

"Ko me ya faru."

"Ko me ya faru, Yaya," na ce, da ladabin da ban san ina da shi ba.

Aka shiga aiki. Masu daɗin iri uku ne: abarba, kankana, da na kokwamba da lemon tsami. Gaskiya sun yi, don na lashi cokali. Sai dai Yaya da tsumulmula, 'ya'yan itacen da ya sayo ba su da yawa, kowane iri rabin gora kawai ya kai.

Sai aka zo kan na hukunci. A nan ne ya nuna basira. Ya ce dole kowane mugu ya yi kama da mai daɗi, don kada wanda zai sha ya shirya fuska tun daga nesa. Mai launin ruwan ɗorawa, abokin abarba, ya haɗa shi da ɓawon lemo, tafarnuwa, kurkum da man kifin gwangwani, ya raɗa masa suna Nadama. Jan kuwa tumatir ne da barkono da garin kofi da gishiri cike da tafin hannu, sunansa Wayyo Mama. Koren ruwan dafaffen kabeji ne da ɗanyar albasa da wani ganye da ya tsinko a bakin katanga, shi kansa bai san sunansa ba. Wannan ya kira shi Sai Wata Rana.

"Yaya, ba za ka ɗanɗana ba?"

"Ni? Harshena ai na ƙarfe ne. Ko na sha ba zan ji komai ba, ɓata kaya ne kawai. Na taɓa shan maganin zazzaɓin mutum uku ina dariya."

Yana cikin markaɗa Wayyo Mama a injin, hannu ɗaya dafe da murfi, sai shaiɗan ya raya mini abu. Na laɓe bayan ƙofa, na toshe hanci, na jawo muryar Hajiya daga maƙogwaro:

"Wane marar tarbiyya ne yake soya takalmi a gidana?"

Yaya ya saki murfi ya ƙame, hannuwa a baya.

"Ranki ya daɗe, ba ni..."

Murfi ya yi sama. Wayyo Mama ya bi shi. Silin ya samu rabonsa, labule ya samu, gaban rigar Yaya ya samu kaso mafi tsoka. Kyanwar maƙwabta da ke kwance a taga ta shaƙa sau ɗaya, ta sauka a hankali, ta fice daga gidan ba ta waiwayo ba.

Da ƙyar na sha daga hannunsa. Kafin mu gama gogewa warin ya hau bene. Nas, ma'aikaciyar asibitin da ke sama da mu, ta leƙo ta baranda.

"Darakta, lafiya? Wani abu ya mutu a wajenku ne?"

"Bincike ake yi, 'yar'uwa."

"To a binne shi da wuri."

Direba, maƙwabcinmu na dama, wanda ba abin da ba ya kwatantawa da mota, ya tsaya a ƙofar kicin yana fifita hanci da hula.

"Wannan ai gasket ne ya ƙone. Maigida, kashe injin kafin ya buga."

"Da yamma za ku san na yi aiki," in ji Yaya.

Ya ɗura komai a gorunan ruwa iri ɗaya, shida, kowace rabi. Na hukuncin ya ɗaura musu kyauron roba a wuya don ya gane su. Ya jera su a firij, ya rufe, ya tafi aski da karɓo rigar aro.

Yana fita Mama ta dawo daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi.

Ga wanda bai san Mama ba: ba ta iya ganin rabin abu ta ƙyale. Rabin sabulu biyu, ta manne su. Rabin kwalbar mai biyu, ta kifa ɗaya a bakin ɗaya. Aurarwa take kiran wannan aiki, kuma ta aurar da kayan gidanmu fiye da yadda ake zato. Ga shi a makon mura ta toshe mata hanci, ko gobara ba za ta ji ƙaurinta ba.

Ina ɗaki ina guga na jiyo ta tana mita.

"Dubi asara! Gora shida sun cinye mini firij, kowace rabi. Ina zan sa kayan miya?"

Kafin in ajiye dutsen guga in iso, an gama ɗaurin aure. Ruwan ɗorawa ya tare da ruwan ɗorawa, ja da ja, kore da kore. Gora uku cike taf har wuya. Kyauron roban kuma ta cire ta rataye a hannun ƙofa, inda take tara 'yan'uwansu. Fanko ukun har ta wanke ta kife.

"Mama, me kika yi?"

"Gyara na yi. Shi yayanki da girmansa bai san launi ɗaya wuri ɗaya yake zama ba?"

Yaya ya dawo kai na ƙyalli, riga da ɗan guntun ɗaurin wuya kamar ma'aikacin otal. Na tare shi tun a ƙofa, don Allah ya gani na yi niyyar alheri.

"Yaya, akwai magana a kan firij."

"Ba yanzu ba."

"Mama ce ta..."

"Auta, manyan mutane na tunani, ke kina firij. Jera kujeru. Kar in sake jin bakinki sai kiɗa."

To, an ce kar a ji bakina. Na jera kujeru.

La'asar sakaliya jama'a suka hallara a tsakar gida. Hajiya ta zauna a kujera mai hannu, jakar makullai a cinya. Nas ta sauko, Direba ya zo da hularsa, Tela ya fito daga ƙarƙashin matakala, awo a wuya, allurai biyu a gefen baki, don ba ya rabuwa da su. Mama ta ce ita kanta na ciwo, ta shige ɗaki.

Yaya ya yi jawabi. Ya ce ya karanci 'ya'yan itace ciki da waje. Ya ce akwai abarbar da in ya kalle ta yakan san ranar da aka haife ta. Hajiya ta ce, "Ina ji." Haka take cewa idan ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba.

Sannan ya shiga kicin ɗauko kaya. Na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba da labarinsa.

Ya buɗe firij. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Auta. Gora nawa kika gani?"

"An ce kar a ji bakina."

"Auta!"

"Uku, Yaya. Mama ta aurar da su."

Ya dafa bango. Na ɗauka zai fita ya ce wa jama'a an samu matsala, a kawo shayi. Wani mai hankali haka zai yi. Amma na ga idonsa na juyawa, na san wata sabuwar basira na tafe.

"Dakata. Wannan ai kimiyya ce. Mugun abu nauyi gare shi, kin gane ko? Tafarnuwa, gishiri, kifi, duk ƙasa za su kwanta. Mai daɗi ya taso sama. Na sama na baƙi, na ƙasa na hukunci. Wallahi ma Mama sauƙi ta kawo mini."

"To ta yaya za ka ɗebo na ƙasa ba ka taɓa na sama ba?"

"Da tsinken shan lemo, mana! Ki toshe sama da yatsa, ki ɗago. Kai, Allah ya yi mini kai."

Haka ya tsaya yana ɗebo hukunci ɗigo-ɗigo daga gindin gora yana tarawa a ƙananan kofuna. Da yake Mama ta cika gorunan har baki, jan ya yi ta malalowa yana bin yatsunsa. Ya goge a wando, ya ɗauki faranti, ya fita yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, kada abin da ya kwanta ya tashi.

"Da farko wasa," ya sanar, "lemo mai daɗi sai an yi gumi."

Na kunna kiɗa. Filo ya fara yawo: Direba, Nas, Hajiya, Yaya, Tela. Yana isa hannun Tela, Yaya ya kai yatsa kunne. Na tsayar.

"Ashsha! Tela, kai ne!" in ji Yaya, da baƙin cikin da ko yaro ba zai saya ba. "Doka ce, ba ni na yi ba. Ga Nadama."

Tela ya cire alluransa ya soke a wuyan riga. Ya karɓi kofi, ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye. Yaya har ya ja da baya, ya buɗe wa tayil hanya.

Tela ya rufe baki gam. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe allura da leɓe ba a buɗe masa baki da garaje. Hawaye guda ya gangaro daga idonsa na hagu, ya tsaya a gemu. Ya haɗiye. Ya ajiye kofin a faranti a hankali.

"Akwai tafarnuwa," ya ce ta tsakanin haƙora.

"Shi ke nan?" in ji Yaya. "Ba ka jin wani abu na tasowa?"

"Da ɗan kifi."

"In kana son tofarwa ka tofar, kar ka cuci kanka. Nan ma ya isa."

"A kan tayil ɗin Hajiya? Haba Darakta."

Hajiya ta dubi Tela ta saman tabarau, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Yaya ya ga wannan gyaɗawar, gumi ya tsattsafo masa.

"A ci gaba! Kiɗa!"

Na kunna. Amma yatsan da Yaya ya sosa kunne da shi, shi ne wanda Wayyo Mama ya yi wa wanka. Barkono ya fara aiki. Na ga kunnen ya yi ja, ya fara sheƙi. Filo na hannun Direba, Yaya ya kai hannu ya sosa.

Na tsayar.

Ya zaro mini ido. Na zaro masa nawa. Kunne, tsayawa, ko me ya faru.

Direba ya karɓi Sai Wata Rana yana dariya. "Ni da na sha ruwan lagireto a daji? Kawo." Ya kurɓa. Dariyar ta mutu a tsakiyar hanya. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa, ya cire hula ya toshe baki da ita.

"Birki!" ya ce cikin hular. "Birki ya tsinke! Ku ba ni hanya!"

Ya yi waje da gudu, muna jiyo shi a bakin kwata yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Kiɗa ya tashi. Kunne ya ƙara zafi. Yaya ya daure, ya cije, ya karkata kai yana goga kunnen a kafaɗa. Wannan ba susa ba ce, don haka na bar kiɗa. Amma da ya kai maƙura, sai ya kai hannu biyu. Filo na hannun Nas.

"Darakta," in ji Nas, tana shinshina kofin, "kafin in sha, faɗa mini abin da ke ciki, don in san abin da zan gaya wa likita."

"Sirrin kamfani ne."

Ta taɓa da ƙarshen harshe kawai. Fuskarta ta tattare wuri guda kamar bakin jaka.

"Na yi aiki a ɗakin haɗa magani," ta ce da ƙyar. "Na ga abubuwa. Wannan ko a can sai an sa hannu a takarda kafin a buɗe shi."

"Ai daɗin wasan ke nan," in ji Yaya, yana fifita kunne da faranti. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Ke, bar kallon kunnen. An soke kunne."

"Ka ce ko me ya faru."

"Na ce an soke!"

"Me kuke ƙus-ƙus?" in ji Hajiya. "Ko maguɗi ake yi?"

"Maguɗi? A wasana? Ranki ya daɗe, yarinyar nan ko kallona ba ta yi. Auta, juya mana baya ma, kowa ya shaida."

Na juya baya. Yanzu kam ba kunne, ba ido, sai abin da Allah ya yi. Na kunna, na ƙirga a raina yadda na ga dama, na tsayar. Da na waiwayo, Yaya ne rungume da filo, yana ƙoƙarin cusa wa Tela, Tela kuwa ya naɗe hannuwa a ƙirji.

"Kiɗan bai gama tsayawa ba," in ji Yaya.

"Ya tsaya," in ji Hajiya.

"Ni ai alƙali ne, alƙali ba ya..."

"Doka ce, ba ni na yi ba," in ji Tela a hankali, ya miƙa masa jan kofi.

Direba ya dawo yana jan ƙafa, ido jajur, daidai lokacin. "A ba shi! Wallahi a ba shi! Ai ya ce harshensa na ƙarfe ne, duk gidan nan mun ji ta taga!"

Yaya ya karɓi Wayyo Mama. Ya yi murmushi ga jama'a. Ya ɗaga kofin sama kamar wanda ya ci gasa. Ya juye duka a baki.

Bai haɗiye ba. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka firfito, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya dubi ƙofa, Direba ya tare ta. Ya dubi tayil, ya dubi Hajiya.

Hajiya kuwa sai a lokacin ta ga damar yin hira.

"Darakta, in na ba ka shagon, wane fenti za ka yi masa?"

"Mmm."

"Ban ji ba."

"Mmm-mmm."

"Da manya kake magana da baki a rufe?"

Na ji ƙarar haɗiyar daga inda nake. Ta sauka kamar an jefa dutse a rijiya. Yaya ya buɗe baki, iska mai zafi ta fito, muryar ƙirjin nan ta ɓace, wata 'yar siririya ta maye gurbinta.

"Shuɗi, ranki ya daɗe."

"Ina labarin harshen ƙarfe?" in ji Nas.

"Ban ji komai ba," ya ce, hawaye na zuba ta ido biyu da hanci.

"To madalla," in ji Hajiya. "Wasa ya isa haka. Ni ba wasa ya kawo ni ba. Kawo lemon da za ka sayar a shagona in ɗanɗana."

Yaya ya juya wajen tebur yana tangaɗi. Ya kai hannu zai ɗauki gorar abarba a hankali, a hankali, don ya tsiyayo na sama. Direba, da yake mutum ne mai son taimako, ya riga shi.

"Haba Darakta, hannunka rawa yake. Kawo. Lemo ai sai an girgiza, kamar man juyen mota."

"Kar ka...!"

Ina! Direba ya kama gorar da hannu biyu ya jijjiga ta sama da ƙasa, ya juya ta, ya sake jijjigawa har ta yi kumfa. Kimiyyar Yaya duka ta tashi ta gauraye. Wani ɗan guntun abu mai kama da jelar kifi ya wuce ta jikin gorar yana iyo.

Direba ya cika babban kofi ya miƙa wa Hajiya da ladabi.

Ba wanda ya yi motsi. Hajiya ta kurɓa kaɗan. Ta riƙe. Ta haɗiye. Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ta dubi kofin, ta dubi Yaya.

"Wannan ne mai daɗin?"

"Shi... shi ne, ranki ya daɗe."

"Abarba ce?"

"Irin ta ƙasar waje ce. Haka take. Sai a kurɓa ta biyu ake gane ta."

"A teku take tsirowa?"

"Kusa da teku."

"Ina ji," in ji Hajiya. Ta miƙa masa kofin. "Ni tsohuwa ce, bakina ya lalace. Kai da ka san ta, shanye mu gani. In ka shanye kana murmushi, ga makulli." Ta zaro shi daga jaka ta ɗora a gwiwa.

Yaya ya dubi makulli. Ya dubi kofi, babba ne, irin na shan ruwa. Na rantse na ji tausayinsa, na kusan minti ɗaya.

Ya kafa kai. Kurɓa ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce da gardama. Ya ɗago ya yi wa Hajiya wani abu da yake zaton murmushi ne.

"Daɗi," ya ce. "Kai, daɗ..."

A nan Nadama ta sauka ta tarar da Wayyo Mama a ciki, kuma ba sa ga maciji da juna. Yaya ya toshe baki da hannu, abin ya fito ta tsakanin yatsu kamar an taka tiyo. Farin tayil ya koma ruwan ɗorawa tun daga ƙafar tebur har gaban kujera mai hannu. Takalmin Hajiya na dama ya samu. Jakar makullai ta samu. Yaya ya ja da baya zai ba da haƙuri, ya taka santsin man kifi, ya kama tebur don kada ya faɗi, tebur ya ce tare za mu. Ja da kore suka bi sahu. Tsakar gida ta zama tuta.

Hayaniyar ce ta fito da Mama, ɗankwali a karkace.

"Me ya faru? Innalillahi! Lemon ne duka a ƙasa? Dubi asara! Ni da na zauna na haɗa masa su gora uku tsaf, har da cire robobin da ya ɗaura wa rabi!"

"Robobi?" in ji Nas.

"Na wa aka ɗaura wa roba?" in ji Hajiya.

Kowa ya dubi Tela, wanda filo ya fara tsayawa a hannunsa. Tela ya zaro alluransa daga wuyan riga ya mayar gefen baki. Sannan ya shiga ƙarƙashin matakala, ya fito da tsummokin yadi cike da hannu, ya durƙusa ya fara goge tayil, daga wajen ƙafar Hajiya.

Hajiya ta bar shi ya goge layi ɗaya. Sannan ta miƙa masa makulli.

"Gobe ka kwashe kekenka daga ƙarƙashin matakala. Ba Darakta tsumman, wanda ya zubar shi zai kwashe."

Yaya na zaune a tsakiyar tafkin, ɗaurin wuya ya koma bayan ƙeya, kunne ɗaya ya ninka ɗaya girma.

"Ranki ya daɗe, a ba ni dama ta biyu. Gwaji ne wannan, kin gane..."

"Na gane." Ta miƙe, ta karkaɗe takalmi. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ta nuna wani lungu da yatsa. Kyankyasai biyu ne suka fito daga magudana, suka taɓa bakin koren ruwan, suka kife ƙafafu a sama.

"Akwai sauran wannan koren?"

"Zan iya haɗa wani, ranki ya daɗe."

"Shagon nan cike yake da irinsu tun zamanin mai agogo. Ka haɗa gora biyu ka zuba a lungu-lungu kafin Tela ya shiga. Amma ka ji ni da kyau: in na sake ganin ka miƙa wa ɗan Adam kofi a gidan nan, ko ruwa ne, ka nemi wani gida."

Ta fita. Direba ya bi bayanta yana dafe da ciki, Nas ta hau sama tana cewa kowa ya zo ta duba shi kyauta.

Muka rage daga ni sai Yaya sai bokiti. Ya yi ta guga kai a sunkuye, har na fara tunanin ko yau an dace ya yi laushi. Can ya matse tsumma, ya ɗago, muryar ƙirji ta dawo daram.

"Kin dai ji da kunnenki ko, Auta?"

"Na ji, Yaya. An ba Tela shago."

"Ke ba ki da kan kasuwanci. Gora biyu ta ce. Ranar farko, ko shago ban buɗe ba, har na samu kwangila."